Daga Ɗigo Zuwa Inci: Nazari a Kan Juya Ƙafa Mai Ɗigo a Ayyukan Awo na Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wata matsala da ke addabar masu sana'o'in awo a ƙasar Daura, wato yadda ake karanta adadin ƙafa mai ɗigo, irin su 12.5, tamkar ƙafa 12 da inci 5, alhali kuwa ƙafa 12 da inci 6 ne. Maƙalar ta bibiyi ma'aunan tsawo iri uku da Bahaushen Daura ya gada, na jiki da na Ingilishi da na mita, sannan ta nuna cewa tushen ruɗanin shi ne haɗuwar ƙidaya mai tafiya goma-goma da ma'auni mai tafiya goma sha biyu-goma sha biyu. An bayyana matakan juyawa tare da misalai daga walda da cinikin fili da rabon gado da ɗinki. An kuma nuna cewa sunayen tsohon kuɗi, wato sisi da taro da nai da ahu, da kalmomin kason gado na Larabci, kayan aiki ne da harshen Hausa ya riga ya tanada domin koyar da wannan lissafi.

Fitilun kalmomi: awo, ƙafa, inci, ɗigo, rabon gado, Daura

1.0 Gabatarwa

Awo abu ne da ba ya rabuwa da rayuwar yau da kullum. Magini yana auna harsashi, kafinta yana auna katako, tela yana auna yadi, mai unguwa da dattawa suna tsayawa a kan awon fili idan za a sayar ko za a raba. A garin Daura da sauran ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, mafi yawan wannan awo ana yin sa ne da tef mai ɗauke da ƙafa da inci. Sai dai lissafin da ke biyo bayan awon, a yau, kalkuleta ce ke yin sa, ko ta hannu ko wadda ke cikin wayar salula. Kalkuleta kuwa ba ta san inci ba. Idan aka ba ta ƙafa 25 aka ce ta raba biyu, amsar da za ta bayar ita ce 12.5, kuma a jikin tef babu inda aka rubuta haka.

A wannan gaɓa ce kuskure kan shigo. Mai aiki ya ga 12.5, sai ya ja tef zuwa ƙafa 12 da inci 5 ya yi shaida. Ya rage inci guda ba tare da ya sani ba. Inci guda abin rainawa ne a faɗin gona, amma Hausawa kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙyauren ƙarfe inci guda yana hana ƙofa rufuwa, a kan iyakar gidaje biyu kuwa yana iya kai maƙwabta gaban alƙali.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace dalilin wannan kuskure ta fuskar tarihi da harshe, ta shimfiɗa hanyar kauce masa, kuma ta nuna wa manazarta Hausa cewa akwai gudummawar da fagensu zai bayar wajen daidaita kalmomin awo. A nan an yi amfani da "ƙafa mai ɗigo" da nufin adadin ƙafa wanda aka rubuta ɓurɓushinsa bayan ɗigo, kamar 8.37. Misalan da aka kawo an tsara su ne domin koyarwa, kuma kowa zai iya bin lissafinsu ya tabbatar.

2.0 Ma'aunan Tsawo a Ƙasar Daura

2.1 Awon Jiki

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana auna tsawo ne da gaɓoɓin jikinsa. Akwai taƙi da ɗani, waɗanda duk awo ne na tazarar da ke tsakanin babban yatsa da wani yatsan idan an buɗe hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wanda masaƙa da fataken tufafi suka fi amfani da shi, malamai kuma sukan kira shi zira'i kamar yadda yake a littattafan fiƙihu. Akwai gaba, wato tsawon hannuwa biyu a miƙe, da ake auna zurfin rijiya da tsawon igiya da ita. Har yau ana jin "rijiya gaba dubu" a bakin mai son kwatanta halaka mai zurfi. Sai kuma taku, da ake auna fili da shi.

Abin lura game da waɗannan ma'aunai shi ne ba su da tsayayyen adadi, domin kamun dogon mutum ya fi na gajere. Haka kuma ɓurɓushinsu ba ya wuce rabi da rabin rabi, ko a ce "kamu uku da taƙi". Wato ana sauka ne daga babban ma'auni zuwa ƙarami, kowanne da sunansa. Wannan ɗabi'a ta ambaton suna ga kowane mataki tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

2.2 Ƙafa da Inci da Yadi

Mulkin mallakar Ingila, wanda ya kafu a Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, ya zo da ma'aunai masu tsayayyen adadi: inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya. Harshen Hausa ya karɓe su ta hanyoyi biyu. Kalmar "ƙafa" fassara ce, domin an ɗauki ma'anar kalmar Ingilishi aka ɗora wa kalmar da ake da ita. "Inci" da "yadi" da "mil" kuwa aro ne da aka yi wa kwaskwarima. A inci da yadi an ƙara wasali a ƙarshe, bisa tsarin da mafi yawan kalmomin Hausa ke bi na ƙarewa da wasali. Asalin kalmar inci daga Latin take, kuma ma'anarta a can ita ce kashi ɗaya bisa goma sha biyu. Ke nan sunan kansa yana ɗauke da ƙa'idar lissafinsa.

A shekarar 1959 ƙasashen Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya da Niyuzilan da Afirka ta Kudu suka daidaita cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Daga nan ƙafa ɗaya ta zama mita 0.3048, inci ɗaya kuma milimita 25.4. Waɗannan su ne adadin da ake aiki da su har yanzu.

2.3 Zuwan Mita

A shekarun 1970 Nijeriya ta karɓi tsarin mita a hukumance. Tun daga lokacin taswirar safiyo da zanen gini na ƙwararru da littattafan makaranta suka koma mita. Kasuwa da wurin gini kuwa ba su saki tsohon ma'auni ba. Har yau ana sayar da fuloti "hamsin da ɗari", ana buga bulo mai inci tara da mai inci shida, ana sayen katako da kaurinsa na inci da tsawonsa na ƙafa, ana yanka yadi a kanti.

Ga ƙasar Daura akwai ƙarin dalili na cakuɗuwar ma'aunai. Masarautar tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin mita daga Faransa, kuma mutanen Mai'aduwa da Kwangwalam da Zango da Baure suna cuɗanya ta ciniki da zumunci da 'yan uwansu na yankin Damagaram. Haka nan manyan ayyukan da suka shigo garin a 'yan shekarun nan, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, zanensu na mita ne, alhali leburori da maginan gari da ƙafa suka saba. Duk wanda ya juya mita zuwa ƙafa a kalkuleta, ƙafa mai ɗigo zai samu.

3.0 Tushen Ruɗanin

3.1 Goma da Goma Sha Biyu

Ƙidayar Hausa goma-goma take tafiya. Ana cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, kuma kafin aro ashirin da talatin daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. Lissafin ɗigo ma haka yake: lamba ta farko bayan ɗigo kashi ne bisa goma, ta biyu kashi ne bisa ɗari. Saboda haka 0.5 na nufin biyar bisa goma, wato rabi. To amma ƙafa gida goma sha biyu aka raba ta, don haka rabinta inci 6 ne. Kashi ɗaya bisa goma na ƙafa kuwa inci 1.2 ne.

Layin dogo ya ba da misali mai kyau. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wanda a lissafin ɗigo ake rubuta shi 3.5. Sabon layin da zai ratsa Daura faɗinsa milimita 1,435 ne, wato ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wanda ake rubuta shi 4.708. Wanda ya karanta na farko a matsayin ƙafa 3 da inci 5, na biyu kuma ƙafa 4 da inci 7, ya kuskure da inci ɗaya a can, ya kuskure da inci ɗaya da rabi a nan.

Girman kuskuren yana ƙaruwa da girman lambar. Wanda ya ɗauki 0.1 a matsayin inci 1 ya rage inci 0.2 kawai. Wanda ya ɗauki 0.5 a matsayin inci 5 ya rage inci 1. Wanda ya ɗauki 0.9 a matsayin inci 9 ya rage inci 1.8, domin 0.9 na ƙafa inci 10.8 ne.

Kuskuren ya fi muni idan aka yi shi ta baya, wato aka auna da tef sannan aka danna wa kalkuleta inci a bayan ɗigo. Ƙafa 10 da inci 10, idan aka shigar da su a matsayin 10.10, kalkuleta za ta karanta 10.1, wato ƙafa 10 da inci 1.2. An yi asarar inci 8.8 ke nan a dannawa guda. Inci 11 da aka shigar a matsayin 0.11 ya koma inci 1.32, an rage inci 9.68.

3.2 Rawar Harshe

Harshe yana da hannu a wannan ruɗani. Idan Bahaushe ya ce "ƙafa biyar da inci shida", babu shubuha, domin ya ambaci sunan kowane ma'auni kamar yadda kakanninsa suke cewa "kamu uku da taƙi". Idan ya ce "ƙafa biyar da rabi", nan ma babu shubuha. Amma adadi mai ɗigo ana karanta shi ne "biyar da ɗigo shida", kuma jimlar ta yi kama da ta farko a gini: lamba, sai "da", sai kalma guda, sai wata lamba. Kalmar "ɗigo" ta zauna daidai gurbin da "inci" ke zama, sai kunne ya ɗauke su a matsayin abu ɗaya. Idan kuma aka taƙaita a bakin aiki aka ce "biyar-shida", an shafe abin da ke bambanta su gaba ɗaya.

A rubuce ma haka abin yake. Mutane da yawa sukan rubuta 5.6 suna nufin ƙafa 5 da inci 6, wato suna amfani da ɗigo a matsayin alamar raba ma'aunai biyu. Wanda ya karanta takardar daga baya ba shi da hanyar sanin ko marubucin yana nufin inci 6 ne ko kuwa inci 7.2.

4.0 Hanyar Juyawa

4.1 Daga Ɗigo Zuwa Inci

Matakai uku ne. A ɗauki ƙafa 8.37 a matsayin misali.

Mataki na farko: a ware lambar da ke gaban ɗigo a ajiye. Ita ce cikakkiyar ƙafa, ba a taɓa ta. A nan ƙafa 8 ce.

Mataki na biyu: a ninka abin da ke bayan ɗigo sau 12. Wato 0.37 sau 12, ya ba da 4.44. Lambar da ke gaban ɗigo ita ce cikakken inci, wato inci 4.

Mataki na uku: a ninka sauran ɓurɓushin sau adadin zanen da ke cikin inci guda a jikin tef. Galibin tef na magina da kafintoci sun raba inci gida 16. Don haka 0.44 sau 16, ya ba da 7.04, wato zane 7.

Amsa ita ce ƙafa 8 da inci 4 da 7 bisa 16, wato zane guda ya rage a cika inci huɗu da rabi. Ga aikin bulo da awon fili, ya wadatar a ninka sau 8 ko ma sau 4. Aikin ƙarfe da gilashi ne ke buƙatar 16.

Wanda yake son tsawon duka a inci kawai, sai ya ninka adadin gaba ɗaya sau 12. Ƙafa 8.37 inci 100.44 ne.

4.2 Daga Inci Zuwa Ɗigo

Kafin a shigar da awon tef cikin kalkuleta, wajibi ne a raba incin da 12. Ga jerin da ya kamata mai awo ya haddace ko ya manna a jikin akwatin aikinsa:

Inci 1 = 0.083
Inci 2 = 0.167
Inci 3 = 0.25
Inci 4 = 0.333
Inci 5 = 0.417
Inci 6 = 0.5
Inci 7 = 0.583
Inci 8 = 0.667
Inci 9 = 0.75
Inci 10 = 0.833
Inci 11 = 0.917

Idan ɗaki yana da ƙafa 12 da inci 9 a tsawo, ƙafa 10 da inci 6 a faɗi, lissafin tayil ko silin ɗinsa shi ne 12.75 sau 10.5, wato murabba'in ƙafa 133.9. Haka nan kaurin bulo mai inci tara 0.75 ne. Wanda ya rubuta shi 0.9 ya ƙara wa kowane bango inci 1.8 a takarda.

4.3 Lissafin Ka: Darasi Daga Tsohon Kuɗi

Dattawan da suka yi ciniki kafin 1973 sun san lissafin goma sha biyu a ka, domin sule ɗaya kwabo 12 ne a lokacin. Kowane muhimmin kaso na sule yana da suna: sisi kwabo 6, taro kwabo 3, nai kwabo 9, ahu kwabo ɗaya da rabi. Idan aka ɗauki ƙafa a matsayin sule, inci a matsayin kwabo, to jerin ya dace daidai:

Sisi = rabi = 0.5 = inci 6
Taro = rubu'i = 0.25 = inci 3
Nai = rubu'i uku = 0.75 = inci 9
Ahu = tumuni = 0.125 = inci ɗaya da rabi

A ranar 1 ga Janairu 1973 aka sauya kuɗi zuwa naira da kwabo. Sule ya koma kwabo 10, sisi ya koma kwabo 5. Wato kuɗi ya bar goma sha biyu ya koma goma, amma tef ɗin magini bai sauya ba. Wanda ya taso bayan wannan sauyi bai sake haɗuwa da lissafin goma sha biyu ba sai a agogo da dozin da tef. Ana iya cewa kuskuren karanta 0.5 a matsayin inci 5 daidai yake da biyan tsohon kwabo 5 a cinikin da aka ƙulla da tsohon sisi.

Akwai kuma dabarar da masu awon ƙasa ke amfani da ita: 0.01 na ƙafa inci 0.12 ne, wanda ya yi kusa ƙwarai da ɗaya bisa takwas na inci. Don haka idan aka ga 0.37, sai a nemi mafi kusa a jerin da aka haddace, wato 0.33 wanda yake inci 4, sannan a ƙara huɗu bisa takwas domin 0.04 da ya rage. An samu inci 4 da rabi, wanda zane guda ne kawai tsakaninsa da amsar da aka samu a sama. Sharaɗin dabarar shi ne a yi amfani da ita ga ɗan abin da ya rage kawai, domin idan aka ninka ta da yawa, ɗan bambancin yakan taru.

5.0 Misalai Daga Wuraren Aiki

5.1 Mai Walda da Ƙofa

A zanen gini akan sa ƙofa mai tsayin mita 2.1 da faɗin mita 0.9. Idan aka raba kowanne da 0.3048, kalkuleta za ta ba da 6.89 da 2.95. Juyawa ta gaskiya ita ce ƙafa 6 da inci 10 da biyar bisa takwas a tsayi, ƙafa 2 da inci 11 da kusan rabi a faɗi. Mai waldan da ya karanta faɗin a matsayin ƙafa 2 da inci 9 zai ƙera ƙyaure mai ƙarancin inci biyu da kusan rabi. Ƙarfe ya riga ya yanku, sai dai a yi ciko da siminti ko a sake sabo, kuma gardama kan wanda zai ɗauki asarar tana biyo baya. Hanya mafi aminci a nan ita ce a yi aiki da gefen santimita na tef kai tsaye, tunda yawancin tef suna ɗauke da ma'aunan biyu.

5.2 Cinikin Fuloti

Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 daidai yake da mita 15.24 da mita 30.48. Sau da yawa akan taƙaita shi zuwa mita 15 da mita 30. Idan aka juya waɗannan, sai a samu 49.21 da 98.43, wato ƙafa 49 da inci 2 da rabi, da kuma ƙafa 98 da inci 5 da ɗoriya. Ke nan gaban filin ya gaza hamsin da kusan inci 9 da rabi, wanda ya ɗara kaurin katangar bulo mai inci tara, tsawonsa kuma ya gaza ɗari da kusan ƙafa 1 da inci 7. Mai saye da ya ƙulla ciniki a kan "hamsin da ɗari" yana da haƙƙin sanin wanne daga cikin biyun aka auna masa.

Haka kuma, filin da faɗinsa ƙafa 50 da inci 10 ne, tsawonsa ƙafa 100, idan aka rubuta faɗin 50.10 a takardar ciniki, lissafin zai ba da murabba'in ƙafa 5,010 a maimakon 5,083. An ɓatar da murabba'in ƙafa 73 a takarda, kuma takardar ce za a karanta bayan masu cinikin da shaidunsu sun kau.

5.3 Rabon Gado

A nan ne batun ya fi nauyi, domin haƙƙi ne da shari'a ta ƙayyade. Kasonnin da suka zo a Suratun Nisa'i guda shida ne: nusufi da rubu'i da tumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi. Malaman fara'ili sukan warware mas'alolin gado da asali irin su 6 da 12 da 24, saboda waɗannan lambobi suna rabuwa ga kasonnin ba tare da ɓurɓushi ba. Wannan shi ne ainihin falalar ƙafa mai inci 12. Sulusin ƙafa inci 4 ne cif, sudusinta inci 2 ne cif, alhali a lissafin ɗigo sulusi 0.333 ne wanda ba ya ƙarewa.

A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata biyu, ba shi da iyaye a raye. Ya bar fili mai kusurwa huɗu daidai wanda gabansa ƙafa 100 ne, kuma magada sun yarda a yanka shi a tsaye. Matar tana da tumuni, wato 12.5. Sauran 87.5 za a kasa shi gida shida, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Kalkuleta za ta ba kowace mace 14.58, kowane namiji 29.17. Idan aka juya daidai, matar tana da ƙafa 12 da inci 6, kowace 'ya tana da ƙafa 14 da inci 7, kowane ɗa yana da ƙafa 29 da inci 2. Jimlar ta cika ƙafa 100 babu ragi babu ƙari.

Idan mai jan tef ya ɗauki lambar farko bayan ɗigo a matsayin inci, zai auna wa matar ƙafa 12 da inci 5, 'ya'ya mata ƙafa 14 da inci 5, maza ƙafa 29 da inci 1. Jimlar ta zama ƙafa 99 da inci 5. Inci 7 sun yi rara, kuma a aikace sukan faɗa hannun wanda aka auna wa a ƙarshe. Daga cikin bakwai ɗin, huɗu na 'ya'ya mata ne. Idan kuwa ya karanta 29.17 a matsayin ƙafa 29 da inci 17, to kowane ɗa ya samu ƙarin inci 15 a kan haƙƙinsa, kuma ko dai a ci kason sauran magada ko a shiga filin maƙwabci. Babu wanda ya yi niyyar zalunci a cikinsu, amma an tauye awo.

5.4 Tela da Yadi

Ƙa'idar ɗaya ce, lambar ninki ce ta sauya. Yadi inci 36 ne, don haka abin da ke bayan ɗigo sau 36 ake ninka shi. Yadi 2.5 shi ne yadi 2 da inci 18, kwatar yadi kuma inci 9. Shaddar da aka yanko a Nijar mai mita 5 ta kai yadi 5.47, wato yadi 5 da kusan inci 17, domin mita ta ɗara yadi da inci 3.37. Telan da ya san haka ya san cewa yana da rarar da za ta isa aljihu ko wuya.

6.0 Shawarwari

Na farko, a duk takardar cinikin fili ko rabon gado da ake rubutawa a gaban mai unguwa ko dagaci ko kotu, a riƙa rubuta kalmomin "ƙafa" da "inci" a cike, a guji ɗigo. Idan da hali a ƙara adadin mita a gefe domin ya zama shaida ta biyu.

Na biyu, bayan kowane rabo a tara kasonnin a ga ko sun cika asalin tsawon kafin a kafa turke. Wannan tarawa ita kaɗai ta isa ta tona kuskuren da aka nuna a misalin gado.

Na uku, mai awo ya ƙidaya gidajen da ke cikin ƙafa guda a tef ɗinsa kafin ya fara aiki, domin akwai tef na injiniyoyi da aka raba ƙafarsa gida goma. Irin wannan tef ana karanta ƙafa mai ɗigo a jikinsa kai tsaye, amma gidajensa ba inci ba ne.

Na huɗu, masu tsara kalmomin fannu da marubuta littattafan lissafi na Hausa su daidaita yadda ake karanta adadi mai ɗigo idan yana tare da ma'auni. Faɗar "ƙafa biyar da shida bisa goma" ta fi "ƙafa biyar da ɗigo shida" fayyace ma'ana, domin ta ambaci goman da ke ɓoye.

Na biyar, makarantun koyon sana'a da azuzuwan yaƙi da jahilci a masarautar su yi amfani da sisi da taro da nai, da kuma nusufi da sulusi da rubu'i da sudusi, wajen koyar da wannan darasi. Na farkon suna nan a karin magana da hirar dattawa, na biyun kuma duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san su.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙafa mai ɗigo ta samu ne daga haɗuwar tef ɗin Ingilishi da kalkuleta da zanen mita, kuma ƙasar Daura, saboda matsayinta na kan iyaka da yawan gine-ginen da ake yi a cikinta, tana cikin wuraren da haɗuwar ta fi yawa. Maganin kuskuren a lissafi gajere ne: abin da ke bayan ɗigo a ninka shi sau 12, incin da za a shigar a kalkuleta a raba shi da 12. Abin da ya rage aikin harshe ne, wato a dawo da al'adar kiran kowane ma'auni da sunansa a baki da a takarda. Akwai buƙatar manazarta su tattara kalmomin awo da magina da masaƙa da mahaƙa rijiya na ƙasar Daura ke amfani da su, musamman daga bakin dattawan da suka yi aiki da kamu da gaba kafin tef ya shiga hannunsu.